Babi na Shida: Ƙarar da Ba ta Inji Ba

A farkon shekarun 1970 injiniyoyin jiragen sama a Amurka da Ingila sun yi wani gwaji mai sauƙin faɗa, mai wuyar yi. Sun jera makirufo a ƙasa, suka sa matuƙi ya taso da ƙaton jirgi, yana dab da isowa kansu sai ya rage wutar injuna har ƙasa, jirgin ya wuce yana tafiya da ƙarfin da ya ɗebo. A Amurka an yi da C-5 Galaxy, jirgin dakon kayan soja na kamfanin Lockheed. A Ingila kuma an yi da VC10. Tambaya ɗaya ake son amsarta: idan injuna suka yi shiru, me zai rage?

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Wani ƙugi ne mai kauri, na iska tana gogar jikin jirgi. Da aka saki ƙafafun sauka, aka kuma buɗe faifayen fukafukai kamar yadda ake yi in za a sauka, sai ƙugin ya ƙaru da kusan desibel 10, wato kunne zai ji kamar ya ninka. Lissafi ya nuna cewa wannan ƙara ta jiki zalla tana zaune ne kusan desibel 10 kacal ƙasa da iyakar da dokar Amurka ta 1969 ta gindaya wa jirage. Ma'anar wannan a fili take. Ko da za a wayi gari da injin da ba ya fitar da ko tari, akwai wani bango da ba za a iya wucewa ba sai an taɓa siffar jirgin kansa.

A wancan zamani maganar ba ta dami kowa ba sai masu bincike, domin injunan Boeing 707 da ire-irensa sun danne kowace ƙara. Waɗannan injuna suna feso iska kaɗan da gudu mai tsanani, kuma tun 1952 James Lighthill, masanin lissafi a Jami'ar Manchester, ya nuna cewa ƙarar feshin inji tana hawa da ninki takwas na gudunsa: a ninka gudun sau biyu, ƙarfin sautin ya ninku sau 256. Maganin da aka samu shi ne a faɗaɗa bakin inji, a sa masa babbar fanka da za ta tura iska mai yawa a hankali ta gefe. A tsofaffin injunan Boeing 727 iskar da ke bi ta gefe kusan daidai take da wadda ke shiga wuta. A injunan Airbus A320neo na yau ta kai ninki 11 zuwa 12. Da injuna suka lafa, sai bangon nan da aka hango a shekarun 1970 ya fito fili. Yau idan babban jirgi na zamani yana gangarowa zai sauka, injunansa a rage, ƙarar jikinsa tana kafaɗa da kafaɗa da ta injin, wani lokaci ma ta fi ta.

Jirgin da ke tafiya can sama abu ne mai sulɓi, an ƙera shi don iska ta wuce ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Amma ba zai iya sauka a haka ba. Dole ya rage gudu zuwa wajen kilomita 250 a sa'a, kuma a wannan gudu fiffike ba ya iya ɗaukar nauyin sai an ƙara masa faɗi da lanƙwasa. Shi ya sa wani faifai ke zamewa daga gaban fiffike, wanda matuƙa ke kira silat, wani kuma ya sauko daga baya, shi ne filaf. Sannan ƙafafu su fito da tayoyinsu, da ƙarafan tokara, da bututan birki, da wayoyi, su bar ramin da suka fito a buɗe. Duk inda iska ta ci karo da ɗayan waɗannan sai ta tsinke ta zama ƙananan guguwoyi.

Guguwa ita kaɗai a sarari ba ta iya yin ƙara sosai, domin matsin da take yi ta nan yana soke wanda take yi ta can. Idan ta zo kusa da abu mai tauri ne lamarin ke canzawa, musamman abu mai kaifin baki. A 1970 John Ffowcs Williams da abokin aikinsa Hall sun nuna cewa bakin fiffike na baya yana mai da hargitsin iska sauti da ninki biyar na gudu. Ƙarafan ƙafafu kuwa nasu kusan ninki shida ne. Waɗannan alƙaluma biyu su ne ginshiƙin wannan fanni gaba ɗaya, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su. Rage gudu da kashi 10 cikin 100 yana rage ƙarar da fiye da desibel 2 ba tare da an canza ko ƙusa ɗaya ba. Haka kuma duk gyaran da zai sa iska ta ƙara gudu a wani lungu, ko da kaɗan ne, zai iya jawo ƙarar da ta fi wadda aka zo kashewa.

Hasashen wannan ƙara kafin a ƙera jirgi shi ne inda aka fi shan wuya. Hanyar farko da ta karɓu ita ce ta Martin Fink, wadda ya fitar a 1977. Ya tattara awon da aka yi wa jirage daban-daban, ya rarraba jirgi gaɓa-gaɓa, ya ba kowace gaɓa lissafinta bisa girmanta da gudun iska: faɗin fiffike, girman taya, tsawon ƙafa, kusurwar filaf. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta saka hanyar a manhajarta ta hasashen ƙarar jirage mai suna ANOPP, kuma har yau ana amfani da ita a matakin farko na zane, saboda tana da sauri. Rauninta shi ne ba ta san komai ba sai jiragen da aka auna aka gina ta a kansu. Ga ƙafa mai taya huɗu za ta ba da amsa ɗaya, ko an lulluɓe bututan birki ko an bar su a waje.

Sai aka koma ramin gwajin iska da ƙananan samfura. Nan ma aka yi shekaru ana mamakin dalilin da ya sa jirgin gaske ya fi samfurinsa ƙara, musamman a sauti mai kaifi, wanda ya fi sukar kunne. Amsar ta fito a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Werner Dobrzynski da tawagarsa daga cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus, DLR, suka ɗauki ƙafar Airbus A320 ta gaske, sukutum, suka kafa ta a babban ramin iska na haɗin gwiwar Jamus da Holan da ke Marknesse. Masu sassaƙa samfuri sun saba barin ƙananan abubuwa, saboda a ganinsu ba sa canza yadda jirgi ke tashi. Gaskiya ne ba sa canzawa. Amma su ne ke yin kururuwar: siraran bututai, maƙalan wayoyi, kawunan noti, da ramukan da ke tsakiyar fil-fil ɗin da ke haɗa ƙarafa. Ƙaramin abu yana haifar da ƙaramar guguwa, ƙaramar guguwa kuma tana juyawa da sauri, ta ba da sauti mai tsini. Tun daga nan duk wanda zai gwada ƙarar ƙafafu ya san cewa samfurin da ba a yi masa dalla-dalla ba ɓata lokaci ne.

Wani kayan aikin da ya buɗe idon masana shi ne jeren makirufo. Ana shimfiɗa ɗaruruwansu a ƙasa a tsarin da aka auna, jirgi ya wuce ta sama. Sautin da ya taso daga bakin filaf zai riski wani makirufo kafin wani da ɗan taƙin lokaci, kuma daga waɗannan bambance-bambance kwamfuta ke komawa baya ta gano inda ya fito. Abin da ke fitowa a ƙarshe hoton jirgi ne da ɗigo-ɗigo masu launi a duk inda ƙara ke tashi. Kafin wannan, ana jin jimilla ne kawai, ana ta gardama a kan wane ɓangare ke da laifi.

Ita kuwa kwamfuta, matsalarta ta daban ce. Sauti mai desibel 94, wanda ya isa ya hana mutum biyu jin maganar juna, motsin matsin iska ne na kashi ɗaya cikin 100,000 na matsin da muke zaune a cikinsa kullum. Manhajojin da ake zana fukafukai da su suna yin kurakuran lissafi da suka fi wannan girma, kuma ba wanda ya damu, domin ba su shafi ɗaukar nauyi ba. Mai neman sauti dole ya bi kowace guguwa daga haihuwarta zuwa mutuwarta, a kusa da kowane noti, cikin miliyoyin ƙananan ɗakunan lissafi. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ta fito ne daga wani lissafi da Ffowcs Williams da David Hawkings suka wallafa a 1969: a lissafta hargitsin iska a kusa da jirgi kawai, sannan a yi amfani da lissafin nasu a kai sautin har kunnen mutumin da ke ƙasa. Ko da haka, sai da aka samu manyan kwamfutoci irin Pleiades ta NASA kafin a iya yi wa cikakken jirgi wannan aiki da ƙafafunsa a waje.

Duk wannan ilimi bai hana wata ƙara mai sauƙin magani yawo a sararin duniya na tsawon shekaru ba. A ƙarƙashin fukafukan jiragen dangin A320 akwai wasu zagayayyun ramuka, aikinsu kare tankin mai daga matsin da ya wuce kima. Idan iska ta ratsa bakinsu a wani gudu, sai su yi abin da kwalba ke yi in yaro ya busa bakinta. Fito ne mai tsayi, girgiza 500 zuwa 600 a daƙiƙa, kuma kunnen ɗan Adam ba ya iya kau da kai daga sauti mai murya ɗaya kamar yadda yake mantawa da ƙugi. A320 ya fara ɗaukar fasinja a 1988. Masu binciken DLR sun gano tushen fiton a farkon shekarun 2000, suka kuma samo maganinsa: ɗan guntun ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, a ɗaura shi a gaban ramin, ya hargitsa iskar kafin ta iso. Amma sai a 2014 Lufthansa ta fara karɓar jirage masu wannan ƙarfe, ta kuma bi jiragenta sama da 100 tana ɗaura musu. Kamfanin ya ce gyaran yana rage jimillar ƙarar har desibel 4 a tazarar kilomita 10 zuwa 17 daga filin jirgi.

Me ya sa aka daɗe haka? A ganina amsar tana wurin da ake ajiye makirufon doka. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanadi wurare uku da ake auna kowane sabon jirgi kafin a ba shi takardar shaida: ɗaya a gefen titin jirgi da tazarar mita 450, ɗaya a mita 6,500 daga inda ya fara gudun tashi, na sauka kuma a mita 2,000 kafin bakin titi, inda jirgi ke wucewa a tsayin mita 120. A wannan wuri na uku jirgin ya riga ya rage gudu, ƙafafu da filaf duk suna waje suna nasu ƙugin, fiton ya ɓace. Can baya ne yake tashi, inda jirgin ke da sauran gudu kuma jikinsa bai buɗe ba, a kan garuruwa da ƙauyukan da ba su cikin lissafin kowa. Jirgin ya cika kowace ƙa'ida. Mutanen da ke kwana a ƙarƙashin hanyarsa kuwa sun yi ta kai kuka, kuma su ne da gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A filin jirgin Gatwick na Landan, sai da aka ƙara kuɗin sauka ga duk A320 da ba a gyara ba, daga 2018, sannan sauran kamfanoni suka hanzarta.

Kada a ɗauka wannan kukan masu jin daɗi ne. A 1992 birnin Munich ya rufe tsohon filin jirginsa ya buɗe sabo, masu bincike suka bi yaran unguwannin biyu kafin sauyin da bayansa. Yaran da jirage suka bar musu unguwa, karatunsu da riƙe abu a ka sun inganta. Waɗanda jiragen suka koma kansu kuma nasu ya ja baya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2005, a kan yara sama da 2,800 a makarantun da ke kusa da filayen jirgin Landan, Amsterdam da Madrid, ya samu cewa a Ingila ƙarin desibel 5 yana tafiya da jinkirin kusan wata biyu a iya karatu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage da dare ya wuce desibel 40. Wanda ya san yadda birnin Kano ya girma har ya kewaye filin jirgin Malam Aminu Kano ya san akwai makarantun boko da na allo da asibitoci a ƙarƙashin hanyar jirage. Mu ƙarar inji ta daɗe mana fiye da Turai, domin da Tarayyar Turai ta hana tsofaffin jirage masu ƙara shiga filayenta a Afrilun 2002, da yawa daga cikinsu a Afirka suka ƙarasa aiki. Yanzu da sababbi ke maye gurbinsu, ƙarar jiki ce za ta fito mana fili, kuma tambayar ko A320 da aka sayo na hannu yana da guntun ƙarfen nan tambaya ce da hukuma za ta iya yi tun kafin ta yi masa rajista.

Ramukan tankin mai na A320 dai sa'a aka yi, maganinsu ɗaya. Ƙafafu ba haka suke ba. Tunanin farko shi ne a yi musu murfi mai santsi, kuma Boeing ta gwada irinsa a ƙafar 777 a 2005 a Montana. Matsalar ita ce murfi ba ya kashe iska, karkatar da ita yake yi, ta ƙara gudu a gefensa, ta je ta daki abin da ke baya. Da ninki shida a lissafi, ribar gaba tana iya zama asarar baya. Daga nan aka koma ga murfi mai huji-huji, wanda ke barin wani kaso na iskar ya ratsa a hankali. A 2018 NASA ta haɗa dabaru uku a jikin ƙaramin jirgi Gulfstream III, aikin da Mehdi Khorrami ya jagoranta ta fuskar kimiyya: murafu masu huji a ƙafafu, raga da haƙora a bakin ramin da ƙafafun ke fitowa, da wani filaf mai lanƙwasuwa wanda ba ya barin tsaga tsakaninsa da fiffike. Aka wuce da shi a kan makirufo 185 da aka shimfiɗa a busasshen tafkin Rogers a Kalifoniya, aka samu ragin ƙarar jiki fiye da kashi 70 cikin 100. Adadin yana da daɗin ji, amma a san cewa cire kashi 70 na ƙarfin sauti desibel 5 ne da ɗoriya. Kunne zai ji bambanci sarai, sai dai ba zai ce jirgin ya yi shiru ba. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne yawancin zanen a kwamfuta aka yi shi, kuma abin da makirufo suka ji ya zo kusa da abin da aka hasasa. Japan ma ta yi irin wannan gwaji da jirginta na bincike a filin Noto, haka kamfanonin Boeing da Safran a jikin 787 a 2020.

To me ya hana a ga waɗannan murafu a jiragen fasinja? Makaniken jirgi zai ba da amsa kafin injiniya. Birki yana ɗaukar zafi mai tsanani in an sauka, kuma iska ce ke sanyaya shi. Matuƙi yana zagaya jirgi kafin kowane tashi yana duba yoyon mai da tsagewar ƙarfe, kuma abin da aka rufe ba ya dubuwa. Ƙafa dole ta koma cikin ramin da aka auna mata daidai, dole kuma ta iya faɗowa da nauyinta in na'ura ta ƙi aiki. Ga nauyi, wanda jirgi zai yi ta ɗauka yana ƙona masa mai na sa'o'i saboda amfanin 'yan mintoci. Waɗannan dalilai ne na gaske, ban raina ko ɗaya ba. Abin da suke koyarwa shi ne ƙafa mai shiru a teburin zane ake samunta, inda za a ɓoye bututai a bayan manyan ƙarafa, a toshe ramukan fil, a rage yawan tokara.

Duk wanda ya yi rubutu a wannan fanni sai ya ambaci mujiya. A 1934 wani matuƙin sojan ruwan Ingila, R. R. Graham, ya bayyana abubuwa uku a fiffikenta: haƙora a gaba, geza a baya, da laushin gashi a sama. Gezar ta yi amfani ƙwarai a manyan fankokin samar da lantarki daga iska, inda yanzu ake yi wa bakin fukafukansu haƙora. A jirgin sama ribar ba ta kai haka ba, domin babban sirrin mujiya shi ne a hankali take tafiya, ba ta kuma sakin ƙafa mai taya shida.

Akwai ragin da ke hannun matuƙi da hasumiyar kula da zirga-zirga, ba ya buƙatar sabon ƙarfe. Jirgin da ke bin gangaren da aka saba, mai digiri 3, yana sama da ƙasa da kusan mita 520 a tazarar kilomita 10. Idan ya gangaro a jere ba tare da ya tsaya a mataki-mataki yana ƙara wuta ba, ya kuma jinkirta sakin ƙafafu zuwa lokacin da ake buƙatarsu, garuruwan nesa za su samu sauƙi. Filin jirgin Frankfurt na amfani da gangare mai digiri 3.2, filin London City kuwa digiri 5.5. Sai dai a nan akwai wani ƙulli. Jirgin zamani sulɓinsa ya yi yawa, ba ya son rage gudu yana gangarowa, kuma abin da matuƙi ke da shi na riƙe shi su ne abubuwan nan masu ƙara: ƙafafu, filaf, da birkin iska na saman fiffike. Duk murfin da ya sa ƙafa ta yi santsi ya rage mata wannan riƙo. Shi ya sa masu binciken jami'o'in Cambridge da MIT, da suka fitar da zanen jirgi mai shiru na SAX-40 a 2006, suka ɗauki samar da turjiyar iska marar ƙara a matsayin matsala mai zaman kanta.

Wanda ya fi gagara har yanzu shi ne silat. Yana bin kusan tsawon fiffike duka, saboda haka ko ƙarar kowane taƙi nasa ba ta da yawa, jimillarta babba ce. A bayansa akwai wani lungu inda iska ke kewayawa, sannan ta fita da gudu ta tsagar da ke tsakaninsa da fiffike. Wannan tsaga ita ce ke hana iska ballewa daga saman fiffike a ƙaramin gudu, don haka ba ta toshuwa: a rufe ta, jirgi ya sauka da gudun da ya fi na da, ninki biyar ɗin nan ya cinye ribar, titin sauka ma ya yi masa kaɗan. Airbus ta kauce wa matsalar a wani ɓangare na fukafukan A380 da A350, kusa da gangar jiki, inda gaban fiffike ke sunkuyawa kawai ba tare da ya buɗe tsaga ba. NASA kuma ta gwada cike lungun da wani siririn ƙarfe na haɗin nikel da titaniyam, wanda ke buɗewa ya ba iska hanya mai santsi in silat ya fito, ya kuma naɗe kansa ya ɓuya in silat ya koma. A ramin iska ya rage ƙara. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna zai iya wannan naɗewa da buɗewa sau dubbai, cikin sanyin sama da ƙanƙara da ƙurar hunturu, ba tare da ya maƙale a gefe ɗaya ba ranar da jirgi ke gangarowa da fasinja.